Kafin Ka Danna, Ƙirga Layukanka

Duk shekara idan lokacin SIWES ya ƙarato, tambayar 'yan ND I na sashen kwamfuta da na ƙididdiga ba ta canzawa: wace manhaja zan koya kafin in tafi? Wani ya ce Python, wani ya ce Power BI, wani kuma ya rantse cewa Excel ya ishi mutum har ya yi ritaya. Ni wata 4 ɗina a Ajingi na yi su, tare da wata ƙungiyar manoma da ke tattara sunayen membobinta saboda rabon taki da iri, kuma abin da ya fi yi mini rana a can ba ya cikin waɗanda muke musu a kansu a bakin aji. Irin manhajar nan ce da ake jera matakan aiki a cikinta kamar akwatuna, a haɗa su da zare, bayanai su shiga ta hagu su fita ta dama. Na ga abokai da dama sun sauke ta, sun yi kwana 2 suna kallonta, sun koma kwafa da liƙawa. Su nake rubuta wa wannan.

Ga wanda bai san wurin ba, Ajingi ƙaramar hukuma ce a gabashin Kano. Ta Wudil ake bi, a wuce ta Gaya, kuma daga nan Jigawa ba nisa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 174,137. Mazaɓunta 10 ne: Ajingi, Balare, Chula, Dabin Kanawa, Dundun, Gafasa, Gurduba, Kunkurawa, Toranke da Unguwar Bai. Ku riƙe sunayen nan, don rabin wahalar aikina a kansu ta ƙare. Mutanen wurin manoma ne, gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma taki a wurinsu magana ce ta ko damina ta yi kyau ko a yi asara.

Aikin kansa ba shi da wani sarƙaƙiya a baki. Matasa suna zagaya ƙauyuka da wayoyi, suna cike fom a KoboCollect, wanda ke aiki ko babu sabis, idan sun dawo inda sabis yake su tura. Akwai kuma tsofaffin jeri na shekarun baya da aka buga a Excel a shagunan buga takardu, kowane da irin tsarin wanda ya buga shi. Duk ƙarshen mako shugabannin ƙungiya suna son jeri ɗaya mai tsafta, mazaɓa-mazaɓa, da jimillar mutane da ta buhuna. Wato aiki ɗaya ne ake maimaitawa kowane mako a kan sabon fayil. Duk inda ka ji an ce "kowane mako", to nan ne irin wannan manhaja take da amfani.

Wadda na yi aiki da ita KNIME ce. A Jami'ar Konstanz ta ƙasar Jamus aka fara gina ta, ta fito a 2006, kuma wadda ake sakawa a kwamfuta kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an saka ta. Tana da 'yan uwa. Akwai Orange daga Jami'ar Ljubljana ta ƙasar Sloveniya, ita ma kyauta. Akwai Alteryx, wadda manyan kamfanoni ke so, amma lasisinta da dala ake saye. Sai Power Query, wanda yake zaune cikin Excel tun daga na 2016, a ƙarƙashin Data, kuma da yawanmu muna da shi a laftof ba mu taɓa buɗe shi ba. Tunaninsu ɗaya ne. Ni ina kiran abin da ake ginawa a ciki magudana, don ya fi kama da aikin masu noman rani: ka haƙa hanya sau ɗaya, ka gyara kwanoninta, gobe ruwa kawai za ka sako. A KNIME kowane akwati yana da fitila a ƙarƙashinsa, ja idan ba a saita shi ba, rawaya idan ya shirya, kore idan ya gama aikinsa.

Doka ta farko, wadda in ka karya ta sauran ba su da amfani: kada hannunka ya taɓa ɗanyen fayil. Fayil ɗin da ya fito daga Kobo, ko wanda aka ba ka a filash, ka ajiye shi a foldarsa yadda ya zo, da kwanan wata a sunansa. Za ka buɗe shi ka ga an rubuta "Tornke" maimakon Toranke, hannunka zai yi ƙaiƙayi ka gyara, ai daƙiƙa 2 ce. Ka danne zuciyarka. Idan ka gyara da hannu, mako mai zuwa sabon fayil zai fito da kuskuren nan a wurinsa, ka sake gyarawa, kuma ranar da aka tambaye ka me ka canza ba za ka iya tunawa ba. Gyara a cikin magudana ake yin sa, ya zama akwati mai suna, wanda kowa zai iya buɗewa ya ga abin da aka yi. Ranar farko wannan ya fi cin lokaci, ban musa ba. Zuwa mako na 3, aikin da sakataren ƙungiya ya ce a da yana cinye masa yini guda ya koma sauke fayil a folda da danna maɓalli ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

A makonnin farko wani dattijo ya zo ofishin a kan acaɓa, daga wani ƙauye na mazaɓar Unguwar Bai, da katinsa na ƙungiya naɗe a leda. Ya gaisa da kowa, ya zauna, ya ce da sakatare: "Malam, bara an rubuta ni, na biya kuɗin kati, ranar rabo aka karanta suna har ƙarshe ban ji nawa ba. Na zo ne kada bana ma a yi haka." Sakatare ya nuna ni. Dattijon ya juyo ya ce, "Yarona, kai ne mai na'urar? Duba mini ko ina ciki." Na ce, "To Baba, bari in duba." A ɗanyen jerin bara yana nan, sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensa. A jerin da aka karanta ranar rabo babu shi. Babu wanda ya cire shi da gangan. Wanda ya rubuta shi ya taƙaita mazaɓar ne, ya sa "U/Bai". Da aka zo haɗa jerin manoma da teburin mazaɓu, teburin "Unguwar Bai" ya sani, saboda haka duk layin da ke ɗauke da "U/Bai" ko "Ung. Bai" ya zube a hanya, kuma kwamfuta ba ta yi ko tari ba. Ba shi kaɗai ba ne. Da na tace, sai ga maƙwabtansa a jere.

Wannan shi ne mugun halin irin manhajojin nan. Idan ka yi kuskuren da zai hana akwati aiki, zai nuna maka ja, ka gyara. Kuskuren da ke zubar da mutane kuwa kore yake nunawa. Akwatin Joiner, wanda ke haɗa tebur biyu, idan ka bar shi ya fitar da waɗanda suka dace kawai, zai ba ka tebur mai kyan gani wanda ya gaza na asali, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya.

Maganin ba ya buƙatar wani ilimi mai zurfi. Ƙirge ne. Layi nawa suka shiga akwatin, layi nawa suka fita? KNIME tana nuna adadin layuka a saman kowane tebur, dubawa kawai za ka yi. A ce 2,000 suka shiga, 1,940 suka fita, to kada ka matsa gaba sai ka ga fuskar 60 ɗin nan, ka san dalilin fitar kowane rukuni. Joiner yana da zaɓin da zai raba maka sakamako gida 3: waɗanda suka dace, na hagu da ba su sami aboki ba, na dama da ba su sami aboki ba. Ka kunna shi kullum. Na hagun nan ka kai su wani fayil na daban, ni "marayu" na sa masa suna, kuma shi nake fara buɗewa kowane mako kafin jerin da shugabanni ke jira. A Power Query abin da ke yin wannan aikin shi ne Left Anti a cikin Merge. Haka kuma idan adadi ya ƙaru bayan haɗi, shi ma ƙararrawa ce: yana nufin a tebur na biyu akwai abin da ya zo sau 2, kuma mutum ɗaya zai fito da rabo biyu.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon ƙauye ne. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona sun ɓace daga rahoton hukumar lafiya, saboda ana zuba sakamakon ne a tsohon tsarin fayil na XLS wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sauran suka zube shiru, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da su. A Amurka kuma, a 2013, wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon a Jami'ar Massachusetts Amherst ya nemi fayil ɗin Excel na wasu manyan farfesoshin Harvard biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, waɗanda takardarsu ta 2010 kan bashin ƙasashe 'yan siyasa ke ta kafa hujja da ita. Ya tarar lissafin matsakaici ya tsallake ƙasashe 5, don ba a ja zaɓin layuka har ƙasa ba. Ɗalibi ne kamar mu, aikin aji aka ba shi, ya tsaya ya duba layi-layi.

Su kuma rubuce-rubucen mazaɓu, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ƙaramin teburin fassara. Ka sa akwatin GroupBy a kan kolom ɗin mazaɓa, zai jero maka duk irin rubutun da ya zo da yawan kowanne. Mazaɓu 10 ne, amma za ka ga jeri ya ninka haka: Dundun, Dun-Dun, Dun dun, DUNDUN, D/Kanawa, Dabin-Kanawa, da wanda aka bar sarari a ƙarshensa wanda ido ba ya gani. Da farko ka sa String Manipulation ya share sararin gefe ya mai da komai ƙananan baƙaƙe, wannan kaɗai zai rage jerin sosai. Abin da ya rage ka zuba a tebur mai kolom 2, yadda aka rubuta da yadda ya kamata, ka ajiye shi a matsayin fayil, magudana tana karanta shi. Sabon rubutu ya ɓullo, zai faɗa cikin marayu, ka ƙara layi ɗaya a teburin, shi ke nan. Kada ka cusa gyare-gyaren nan cikin doguwar doka a Rule Engine, domin wanda zai gaje ka zai iya ƙara layi a tebur, amma ba lallai ya iya karanta dokarka ba.

Sunayen mutane sun fi na mazaɓu haɗari, kuma a nan nake da saɓani da bidiyoyin koyarwa na YouTube. Za su nuna maka Duplicate Row Filter, a zaɓi suna da lambar waya, a danna, maimaici ya tafi. A ƙasar da kowa ke da wayarsa watakila haka ne. A ƙauyukanmu gida guda yana iya rajista da lamba ɗaya, maigida da matansa da ƙaninsa, har da maƙwabcin da ba shi da waya. Musa Ibrahim kuwa a ƙauye ɗaya sai ka sami 3, kowa da gonarsa. Ta ɗaya gefen, mutum ɗaya yana iya zuwa a matsayin Muhammad, Muhammadu, Muh'd, Mohd ko Mamman, gwargwadon wanda ya rubuta shi. Akwai akwatunan da ke auna kamannin rubutu su ce wannan da wancan kusan ɗaya ne, kuma suna da amfani, amma su a wurinsu Hassan da Hassana kusan mutum ɗaya ne, Sani da Sabi'u ba su da nisa, Ladi da Lami bambancin baƙi ɗaya. Ka bar wa na'ura wannan hukunci, za ta haɗe mata da miji.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada a goge kowa. Duplicate Row Filter yana da zaɓin ya bar layukan ya yi musu alama kawai. Waɗanda aka yi wa alama a buga su a takarda, mazaɓa-mazaɓa, a ba wakilin ƙungiya na wurin ko mai unguwa. Shi kallo ɗaya zai yi ya ce maka wannan Musan na gidan maƙera ne, wancan na bakin rijiya, na ukun kuma shi ne na farko aka rubuta sau 2. Aikin minti 10 ne a wurinsa. Amsarsa ita ma ta shiga tebur, magudana ta karanta. Kuma tun daga ranar farko ka nemi abin da ba ya maimaituwa ka riƙe shi. Duk fom ɗin da aka tura ta Kobo yana zuwa da lambarsa ta musamman a kolom mai suna _uuid. Mutane suna goge ta don ba ta da kyan gani. Kar ka goge, ita ce igiyar da za ka bi ka koma asalin kowane layi.

Sai ƙananan ɓarayi, waɗanda Excel ke shigo da su. Lambar wayarmu tana farawa da sifili, lamba 11 ce. Ka buɗe fayil ɗin CSV da danna sau 2, Excel zai ɗauke ta a matsayin adadi, ya cinye sifilin, in ka yi ajiya kuma ta tafi ke nan. Lamba mai tsawo daga 12 zuwa sama zai nuna maka ita da E+ a tsakiya, wadda ta wuce 15 kuma zai mai da wutsiyarta sifili. Duk abin da ba za ka tara ko ka ɗebe ba, waya ce, NIN ce, lambar asusu ce, ka karanta shi a matsayin rubutu tun daga akwatin farko. Kwanan wata ya fi wayo. Mu rana muke fara rubutawa, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka wata take farawa da shi. To 03/04 zai juye daga 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris, amma 25/04 ba zai juye ba, don babu wata na 25, zai zauna a matsayin rubutu. Ka ga kolom ɗaya, rabi a juye, rabi daidai, kuma duk suna kama da juna. A KNIME ka karanta shi rubutu, sannan ka faɗa wa String to Date&Time tsarin da kanka. A Power Query akwai Using Locale. In kai ne mai rubutawa, shekara, wata, rana: 2024-04-03 ba ya rikita kowa.

Baƙaƙenmu masu ƙugiya su ma suna shan wuya. Ɗanladi ko Ɓaidu ko Ƙofar Gabas sai su fito da wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Fayil ɗin lafiya lau yake, karatun ne ya karkace. Zaɓi UTF-8 a akwatin karatu, su dawo. Amma ka tuna a wurin kwamfuta Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne. Ni kolom na biyu nake yi, wanda aka cire wa ƙugiya, don kwatance kawai. Na asalin yana nan, shi ake bugawa, kowa ya ga sunansa yadda yake.

Ma'auni kuma wani babi ne da ba a koya mana a aji. Fom ya ce "amfanin bara", wani ya amsa da buhu, wani da kwano, wani da dami, don manomin gero da dawa da dami yake lissafi, kuma damin wannan gida ba lallai ya kai na wancan ba. Girman gona wani eka ya faɗa aka rubuta a gurbin hekta, alhali hekta 1 ta kusa eka 2 da rabi. Ka bar adadi a kolom ɗinsa, ma'auni a nasa, abin da ka juya a na uku, kuma adadin juyin ya zauna a tebur na daban inda za a iya yin gardama a kansa a canza shi ba tare da an rushe komai ba. Sannan gurbin da babu komai daban yake da sifili. Wanda ruwa ya cinye wa gona sifili ya samu. Wanda ba a tambaya ba, ba mu sani ba. Akwatin Missing Value zai yi maka tayin cike duk gurabe da 0, kuma in ka karɓa matsakaicin mazaɓa zai faɗo ƙasa ba gaira ba dalili.

Maganar wuta da ƙarfin na'ura ba sai na yi dogon bayani ba, duk mun san halin da ake ciki. Laftof ɗina mai 4GB ce, batirinta kuma sai addu'a. Yayin gini kada ka tura duka bayanan, sa akwatin karatu ya tsaya a layi 500 na farko, ko ka yi amfani da Row Sampling, sai ka gama ka buɗe masa duka. Kolom ɗin da ba ka buƙata ka zubar da su da Column Filter tun a mataki na 2, fayil ɗin Kobo yana zuwa da tarkace da yawa. Tace layuka kafin haɗi, ba bayansa ba. Idan ka yi ajiya, KNIME tana adana sakamakon akwatunan da suka yi kore, saboda haka in an ɗauke wuta ba daga farko za ka fara ba, muddin ka saba da Ctrl da S. F6 yana buɗe saitin akwati, F7 ya tafiyar da shi, F8 ya mai da shi baya. Idan tana yawan sanƙarewa, akwai fayil mai suna knime.ini, a ciki akwai layin da ya fara da -Xmx, shi ne iyakar ƙwaƙwalwar da aka ba ta. Kada ka ba ta duka, Windows ma yana son nasa, kuma ka rufe Chrome. Manhajar kanta ɗaruruwan megabait ce, don haka mutum ɗaya ya sauke a inda intanet ke da arha, sauran su karɓa a filash kafin a watse.

Wata 4 ba su da yawa, kuma ranar da ka tafi wani ne zai zauna a kujerar, watakila wanda bai taɓa ganin akwati da zare ba. Ƙarƙashin kowane akwati akwai wurin rubutu. "Node 17" ba ya gaya wa kowa komai. Rubuta "gyara sunan mazaɓa" ko "ware masu waya ɗaya", da Hausa ma in ita za a fi ganewa, ni da ita na rubuta nawa. Magudana ta tafi daga hagu zuwa dama, karatu, tsafta, haɗi, lissafi, fitarwa, kuma idan akwatuna suka yi yawa ka tattara na aiki ɗaya cikin Component guda. Wurin nuna inda fayil yake, zaɓi hanyar da ta dogara da foldar magudanar, kada ka bar wadda ta fara da sunanka a kan C, in ba haka ba ranar da aka kwafe ta zuwa wata kwamfuta duk fitilun za su koma ja. Gwajin da na yi kafin in taho shi ne na ba sakatare kujera, na koma gefe na kama bakina. Duk inda ya tsaya yana kallona, nan ne rubutuna bai isa ba, na ƙara.

Akwai kuma amana. Jerin nan yana ɗauke da sunaye da lambobin waya da NIN na mutanen da ba su san ma'anar fayil ba, sun bayar ne don an ce musu taki za a kawo. Tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, amma ko babu doka, kowa ya san abin da 'yan damfara ke yi da suna da lamba. Idan ka maƙale kana son aboki ya duba maka, kada ka jefa magudana a gurup ɗin aji yadda take, domin bayanan suna tafiya tare da ita. Wurin fitarwa akwai zaɓin a mai da ita baya tukuna, sannan ka leƙa foldar bayanai ka tabbatar ba ka haɗa da ɗanyen fayil ba. Ƙirƙiri layi 20 na ƙarya ka tura da su. Rahoton SIWES da furojet ma haka, hoton allo mai sunayen mutane ba ya shiga.

Da aiki ya yi nisa sai na lura yawancin akwatunana na tsafta suna gyara abin da bai kamata ya lalace ba tun farko. Na nemi izini muka koma kan fom ɗin. Mazaɓa ta daina zama wurin rubutu, ta koma jerin 10 da ake zaɓa, ƙauyuka kuma suna fitowa gwargwadon mazaɓar da aka zaɓa. Lambar waya ta zama rubutu mai sharaɗi, in ba 11 ba ce ko ba ta fara da sifili ba, fom ba zai wuce ba. Muka ƙara tambaya ɗaya, "wayar taka ce ko ta wani?", da gurbin laƙabi ko sunan gida, da zaɓin ma'auni dab da gurbin adadi. Masu zagayawa sun yi ƙorafi kwana biyu cewa fom ya yi tsauri. Teburin fassara bai tafi ba, don tsofaffin jerin Excel suna nan kuma kullum ana tono wani, amma daga sababbin fom fayil ɗin marayu ya koma fitowa kusan fanko, sai ɗaiɗaikun da suka ƙaura daga wata mazaɓa zuwa wata, waɗanda dama sai an kira wakilinsu an tambaya.